FITSARIN KWANCE: A AJIYE BULALA, A NEMO WA YARANMU MAGANI

Jama'ar Tambuwal da Kebbe, na gida da mazauna waje. Rubutun yau dogo ne, kuma a kan maganar da ba a son yi a zaure ne. A daure a bi ni har ƙarshe, musamman iyaye mata, malaman allo da masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai.

Kullum a nan zancenmu siyasa: wa zai fito takara, wa ya sauya sheƙa, wace hanya aka ba da kwangilarta aka watsar. Ba laifi. Amma akwai abin da ke faruwa kowace asuba a gidajenmu, daga Dogon Daji zuwa Sanyinna, daga Jabo zuwa Kuchi, wanda ban taɓa jin an sa shi cikin alkawuran kamfe ba. Yaro ya farka ya tarar da tabarmarsa a jiƙe, kafin ya gama wartsakewa bulala ta sauka. Wani a ɗora masa tabarmar a ka, yaran unguwa su bi shi da waƙar amalala. Wani a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu don ya tsorata. Wani a hana shi ruwa tun la'asar, a tsakiyar bazarar Sakkwato. In ka tambayi uwar sai ta ce maka, "Ganganci na, shina sane, ƙiwar tashi ta." In ka tambayi uban ya ce, "Ƙyale shi, in ya girma shi bari."

Ni aikina gashi ne, abin da ake kira fisiyo a asibiti, kuma matsayata ɗaya ce. Fitsarin kwance ga yaron da ya kai shekara 5, da kashi a wando ga wanda ya wuce 4, lalura ce ta jiki. Tana da sababi, tana da magani, kuma mafi yawan maganin horo ne mai arha da ya kamata a ce ana samunsa a nan kusa da gida. Duka ba ya cikin maganin.

Mu fara da yawan abin, don wata uwar gani take ɗanta ne kaɗai. Binciken likitoci ya daɗe da nuna cewa cikin yara 100 masu shekara 5, kusan 15 na jiƙa shimfiɗa. A shekara 10 sun ragu zuwa kusan 5. A shekara 15 saura ɗaya ko biyu. Don haka uban da ya ce zai bari da kansa yana da rabin gaskiya. Sauran rabin shi ne shekarun da yaron zai yi cikin kunya da zarni kafin ranar ta zo, da kuma waɗanda ba za su bari ba har su balaga. Sannan abin gado ne. In ɗaya daga cikin iyaye ya yi yana yaro, kusan 44 cikin 100 na 'ya'yan kan yi. In su biyun ne, ya kai kusan 77. Sau da yawa mai riƙe da bulalar shi ma ya sha ta a kan wannan laifin, ya manta ne kawai.

To me ke kawo shi?

Ku ɗauki mafitsara kamar salka. Ƙoda ke zuba mata ruwa, akwai kuma tsokoki a ƙasan mara, shimfiɗe a gindin ƙashin ƙugu, waɗanda ke aikin igiyar da ke ɗaure bakin salkar. Su ne dai ke riƙe bakin dubura. Da dare jikin mutum na ƙara fitar da wani sinadari mai umurtar ƙoda ta rage fitsari. Wasu yaran sinadarin bai isa ba tukuna, sai salkar ta cika ta batse kafin asuba. Wasu kuma salkar ce ba ta ɗaukar abin kirki, ko tana matsewa da kanta tun ba ta cika ba. Ga lissafi mai sauƙi da muke amfani da shi: a ƙara 1 a kan shekarun yaro, a ninka da 30, ya ba ka mililitar da ya kamata mafitsararsa ta ɗauka. Ɗan shekara 7 ke nan mililita 240, kusan rabin ledar fiya wata. Na uku shi ne barci. Saƙon cewa mafitsara ta cika ba ya tayar da ƙwaƙwalwar waɗannan yaran. Duk uwar da ta taɓa ƙoƙarin tada irinsu cikin dare ta san ko ganga aka buga a kansu sai dai su juya. Yanzu don Allah a cikin ukun nan wanne ne bulala ke gyarawa?

Akwai sababi na huɗu, wanda ya fi kowanne ɓuya, kuma shi na fi so a riƙe daga wannan rubutu: taurin bayan gida. Ƙarshen hanji na bayan mafitsara ne, jingine da ita. Yaro ya taɓa yin kashi mai tauri ya ji zafi, sai ya fara riƙewa. Yana riƙewa yana ƙara tauri. A hankali hanjin ya cika ya buɗe, ya danne mafitsara, ta rasa wurin ɗaukar fitsari. In abin ya daɗe, hanjin ya saba da cika har yaron ya daina jin kashi ya zo, sai mai ruwa-ruwa ya riƙa silalowa ta gefen mai taurin yana ɓata wando ba tare da ya sani ba. Uwa ta gani ta ɗauka zawo ne, ta sayo maganin tsayar da zawo a kemis, abin ya ƙara lalacewa. Ko ta ce ƙazanta ce, a zane shi. Mafi yawan yaran da ke ɓata wando bayan shekara 4 wannan ne ke damunsu. In yaro ya ce maka bai ji fitowarsa ba, gaskiya ya faɗa.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 11 da kakarta ta kawo mana daga wani ƙauye a ƙasar Kebbe. An cire ta daga makaranta saboda tsokanar yara, an yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi duka har an gaji. Kakar ta ce da ni, "Ɗana, ni auren ɗiyar ga nika tunani, wa ka ɗaukar ta haka?" Da aka zauna aka bi tambayoyi, sai ga shi takan yi kwana huɗu ba ta zagaya ba, kuma tun safe har a tashi makaranta ba ta fitsari, don makewayin ba ƙofa, ba ruwa. Likita ya rubuta maganin sassauta ciki, muka sa ta a tsarin shan ruwa da zagayawa a kan lokaci, muka koya mata sakin jiki. Ba a kwana ɗaya ba, an ɗauki watanni, an kuma samu dararen da abin ya dawo. Amma ta koma aji. Tunanin kakar nan ba wasa ba ne. Mun san aure na mutuwa a ƙasar nan saboda wannan lalura, mun san yaran da suka ƙi makarantar kwana saboda ita.

Mutanenmu in an ce gashi, tunaninsu mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda ya karye. Amma tsoka tsoka ce, ta ƙafa ko ta ƙasan mara, duk ana horar da ita. Tun 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya wallafa yadda motsa waɗannan tsokoki ke taimakon matan da fitsari ke kuɓuce wa bayan haihuwa. Sai dai na yara ya sha bamban. Yawancinsu ba rauni ne matsalar ba, matsewa ce. Yaron da ya saba riƙe fitsari a aji yakan manta yadda ake saki. Ya tsuguna yana fitsari yana matsewa, ya yi rabi ya tashi da gudu zuwa wasa, sauran ya kwana a ciki. Daga nan ciwon sanyin mafitsara ke samun ƙofa, daga nan ɗigo a wando da rana ke farawa.

Abin da muke yi ba wani siddabaru ba ne. Da farko a rubuta: kwana biyu ko uku uwa ta lura sau nawa ya sha ruwa, sau nawa ya yi fitsari, a auna da tsohuwar gorar ruwa, a lura da kashi, taurinsa da kwanakinsa. In ba ta rubutu, a yi zane ko a tara tsakuwa, wani yayansa ya taimaka. Sai a sa masa lokaci, ya yi fitsari duk bayan awa biyu zuwa uku ko bai ji ba, wajen sau shida ko bakwai a yini. Ga mu Musulmi lokutan salla sun riga sun raba mana yinin, sai a ƙara na farkawa, na hutun tara a makaranta da na kwanciya. Sai zama don bayan gida minti biyar zuwa goma bayan cin abinci, don a lokacin hanji ke motsi da kansa. Sai koyon numfashi da ciki da sakin tsoka: mukan sa yaro ya hura balan-balan ko ya busa kamar mai fifita koko, don ya gane bambancin yunƙuri da matsewa. A manyan asibitoci akwai na'urar da ake manna wa yaro 'yan wayoyi a fata, ya ga motsin tsokarsa a allon kwamfuta kamar wasa, ya koyi matsewa da saki. Tana taimakawa, amma ko babu ita ana cin nasara a kan da yawa.

Wani abin sha'awa, tsugunon da muka gada a salga ya fi zaman masai na Turawa dacewa da jikin yaro, don yana buɗe ƙugu ya saki tsoka. Su can sai sun sa wa yaro ɗan benci a ƙarƙashin ƙafa kafin su samu abin da mu muke da shi a banza. Matsalarmu ita ce ramin da ya yi wa yaro faɗi, duhu, kyankyasai da rashin ƙofa. Yaron da ke tsoron makewayi zai riƙe, wanda ya riƙe kuma kun ji inda abin ke kai shi.

Na san abin da ke ran wasu iyaye, don haka bari in faɗa ɓaro-ɓaro. A wannan horo na yara ba a cusa wa yaro hannu ko wani abu a jiki. Ba a keɓewa da shi, sai gaban uwa ko uba. 'Ya mace kuma kuna da haƙƙin neman ma'aikaciya mace. Duk wanda ya ce a bar masa yaro shi kaɗai a ɗaki da sunan wannan magani, na asibiti ne ko na gargajiya, ku ɗauke ɗanku ku tafi.

In an gyara ciki da tsarin rana amma dare bai bushe ba, akwai matakai biyu da likitocin duniya suka yarda da su. Ɗaya 'yar ƙararrawa ce da ake maƙalawa a wando, da ɗigon farko ta yi ƙara, a tada yaro ya ƙarasa a waje. Cikin wata biyu zuwa uku kusan biyu cikin uku na yaran kan bushe, kodayake wasu kan koma, kuma ba na musun tana da wahala a ɗakin da yara shida ke kwana. Ɗayan magani ne, desmofresin, mai rage fitsarin dare. Likita ne kaɗai ke rubuta shi, don yana da ƙa'idar shan ruwa da in aka karya yana da haɗari. Kada wanda ya tafi kemis ya ce ni na aike shi.

Akwai kuma alamomin da in an gani, ba zancen horo ba ne, asibiti za a nufa kai tsaye. Jini a fitsari: a ƙasar fadama irin tamu, inda yara ke yini a tafki da gulbi, tsargiya ce abin zargi na farko, kuma tana da magani. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa. Yawan ƙishi da yawan fitsari tare da rama: ciwon suga na kama yara, kuma ba ya jira. Zafin fitsari da zazzaɓi. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi a barci. Ƙaiƙayin dubura da dare, wanda galibi tsutsa ce. Ɗigon da ba ya tsayawa dare da rana, ko raunin ƙafa, ko wani kumburi ko gashi a gindin baya. Sai masu sikila: ƙodarsu ba ta iya tace fitsari ya yi kauri, don haka suna yinsa da yawa. Hana mai sikila ruwa don kada ya jiƙa katifa zalunci ne, yana iya tada masa ciwon da zai kwantar da shi. Katifa ana shanya ta.

Ɗaya kuma ya shafi halin da muke ciki. Yaron da ya bushe sama da wata shida sannan ya dawo yana yi, a tambayi abin da ya same shi. Duk mun san abin da ƙauyukan Kebbe suka gani a hannun 'yan bindiga, mun ga iyalan da suka baro gidajensu cikin dare suka raɓe a gidajen 'yan'uwa. Yaron da ya ji harbi, ya kwana a daji, jikinsa na iya faɗin abin da bakinsa ya kasa. Haka wanda aka raba da uwarsa aka kai almajirci yana ɗan shekara shida, haka wanda wani babba ke lalata da shi a ɓoye. Irin wannan in ka dake shi, ka ƙara masa tsoro a kan tsoro.

Malamai sun fi ni sanin wannan fage, amma abin da muka koya tun muna yara ya isa hujja. An ɗauke alƙalami a kan mai barci har ya farka, da yaro har ya balaga. Wanda muke duka da asuba ya haɗa uzurin biyu, yaro ne kuma barci yake. Ummu Ƙais ta kawo jaririnta ya yi fitsari a tufafin Manzon Allah (SAW), ruwa kawai ya nema. Balaraben ƙauye, babba da hankalinsa, ya yi a cikin masallaci, sahabbai suka taso masa, aka hana su, aka ce a zuba ruwa. Najasa ruwa ke wanke ta. Ina roƙon limamanmu su ba wannan magana minti biyar a huɗuba, za ta isa inda rubutuna ba zai kai ba.

Wani zai ce, malam, ana fama da maleriya da tamowa da rashin tsaro, kai kana zancen fitsari? Wani ma ya ce tallar sana'arsa yake. Na ji. Amma ba gini nake nema ba, ba injin miliyoyi ba. Kuma mun taɓa ganin irin haka. Akwai lokacin da mai yoyon fitsari ɓoye ta ake yi a bayan gida, yau ana kai ta Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato a yi mata aiki ta koma cikin mutane. Abin da ya sauya shi ne an daina ɗaukar abin a matsayin abin kunya, aka ɗauke shi ciwo. Matsalar yanzu ita ce ƙwararrun sun taru a birni, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru. Daga Tambuwal kusan kilomita 100 ne, daga ƙauyukan Kebbe ya fi haka, ga kuɗin mota yadda ya koma. Horon nan kuma ba zuwa ɗaya ba ne, sai an yi ta komawa. Wace uwa ce za ta iya?

Ga abin da nake nema, kuma ina so a kai shi kunnen masu iko.

Na farko, Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta tabbatar akwai ma'aikacin gashi mai rajista a babban asibitin Tambuwal da na Kebbe, a ware rana ɗaya a mako ta yara masu wannan lalura. Jami'ar Bayero ta Kano ta daɗe tana yaye su, cikinsu har da mata.

Na biyu, Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitocinmu a kan tambayoyin nan da tsarin nan. Kwanaki kaɗan sun isa su iya raba wanda za a yi wa horo a gida da wanda za a tura gaba.

Na uku, shugabannin ƙananan hukumomin biyu: makewayi mai ƙofa da randar ruwa a kowace firamare da islamiyya, na mata daban. Tun watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ba ku kuɗinku kai tsaye. Wannan aiki bai fi ƙarfinku ba.

Na huɗu, shugabannin makarantu da malaman tsangaya: a bar yaro ya fita in ya nemi izinin zagayawa, a hana gardawa da siniyoyi wulaƙanta mai lalurar. A watan Nuwamba 2021 gwamnan wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, ɗan wannan yanki, ya sa hannu a Dokar Kare Yara ta jiha. Zagaya gari da yaro da jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, in ba cin zarafi ba ne, a faɗa mini sunansa. Ɗan majalisarmu na tarayya mai wakiltar Kebbe da Tambuwal da 'yan majalisar jiha, ku ma da ku nake.

Iyaye kuma ba sai kun jira gwamnati ba. Ku ba yaro ruwa sosai da safe da rana, a rage bayan magariba, a kauce wa shayi da lemon kwalba da dare. Kunu da fura mai yawa a matso da su kafin duhu. Ya yi fitsari dab da kwanciya. A dawo da zogale, rama, kuɓewa, wake, gwanda da mangwaro cikin kwanonsa, a rage biskit da indomi. A lura da bayan gidansa kamar yadda ake lura da zazzaɓinsa. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zane, a ajiye fo da tocila kusa da shi. Tada shi cikin dare na iya tsare katifa, amma ba ya warkarwa. Ku yaba masa a kan abin da ke hannunsa, kamar shan ruwa da zagayawa a kan lokaci. In ya tashi a jiƙe, ya yi wanka da sabulu kafin ya fita, kuma maganar ta tsaya tsakaninku, kada ƙannensa da baƙi su ji. In ya kai shekara 5 zuwa 6 abin na damunsa, a kai shi asibiti a faɗa wa ma'aikaci ba tare da kwana-kwana ba. Mai ɓoye ciwonsa ba ya samun magani.

Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa wadda ba ta iya karatu ba, ya tura wa malamin makarantar unguwarsu da kansilansu. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya ba mu haƙurin renonsu, ya dawo mana da zaman lafiya a Kebbe da Tambuwal da ƙasa baki ɗaya. Amin.